Inci Ɗaya da Rabi a Hannun Hagu

Daga sansanin aikin madatsar ruwa
Ranar Lahadi

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce daga ɗan yayanki da kika goya, da fatan takardar nan za ta same ki a kan keken ɗinki kina faɗa da zare kamar yadda na bar ki. Yaya ciwon gwiwar? Yaya maigidanki Baba Malam da idanunsa? Ki gaishe shi da kyau, ki ce masa har yanzu a kan layi nake rubutu kamar yadda ya koya mini, ba na hawa ina gangarowa.

Ni lafiyata ƙalau. Hannun hagun nan nawa ne kawai, wanda ni da ke muke kira ƙane, ya soma ƙorafi tunda ruwan sama ya kankama. Da safe sai na murza shi kafin ya yarda ya riƙe sufana, da rana ta ɗaga kuma sai ya manta.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Alhamis na bi motar da ke kawo mana kayan abinci na sauka gari, na tura kuɗin aikin idon Baba Malam cikin asusunki na waya. Wata takwas ke nan ina kwance ƙarƙashin injin haƙa, baƙin mai na ɗiga mini a fuska, ina tara su. Ɗan abin da ya rage kin ce za ki cika idan kika sayar da tsohon keken ɗinki. Don Allah ki je asibiti a ba ku rana, yanar idon nan ta isa haka.

Yanzu ki yi haƙuri in ɗan yi miki wa'azi. Akwai wani mai walda a nan, mutumin kirki, da aka kira matarsa aka ce daga kamfanin asusun waya ne, wai za a rufe mata asusu idan ba ta karanto lambobin da aka turo mata ta saƙo ba. Ta karanta. Kafin ta ajiye wayar an kwashe komai. Kwana uku bawan Allahn nan yana zaune a bakin tanti, ko shayi bai sha ba. Saboda haka lambar sirrinki taki ce ke kaɗai, kada ki rubuta ta ki cusa a bayan waya. Lambobi shida ɗin nan da suke shigowa ta saƙo kuwa, mabuɗin ɗakinki ne. Babu ma'aikacin gaskiya da zai tambaye ki su. Ko ni na tambaya, kada ki ba ni.

Sai labari mara daɗi. Washegarin dawowata wayata ta zame daga aljihu ta nutse cikin bokitin baƙin mai, ta riga mu gidan gaskiya. Dama a kan dutsen nan babu sabis, hoto kawai nake kallo da ita. Idan na sake sauka gari zan ari ta wani in kira ki, don haka in kika ga baƙuwar lamba kada ki ƙi ɗagawa kamar yadda kika saba.

Amsa ki ba direban motar abinci, ranar Alhamis yake bi ta bakin titinku.

Naki,
Autan Yaya


Daga shago
Ranar Laraba

Zuwa ga Autan Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da tambarin babban yatsanka na baƙin mai a gefe, don kada in yi zaton wani ne ya rubuto. Muna nan lafiya. Gwiwa tana nan da halinta, ni ma ina nan da nawa. Na karanta wa Malam takardar sau biyu, sau biyu kuma ya gyara mini karatu, wai ba na tsayawa inda aka ɗiga aya. Mutum shekara huɗu bai ga baƙi a kan fari ba, amma biro na nan maƙale a aljihunsa, kuma har yau shi ne malamin makaranta a gidan nan.

Kuɗi sun shigo, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka. Da na ga saƙon sai da na kashe keke na ɗaga hannu na yi hamdala. Mun je asibiti, likita ya ba mu Litinin ta biyu daga yau. Ya ce ranar za a biya kafin a shiga da shi, in ba a biya ba sai mu koma ƙarshen layi, layin kuwa ya kai wata bakwai. Ya kuma ja ni gefe ya ce idon dama ba zai jira wata bakwai ba. Wannan ban gaya wa Malam ba.

Sai wa'azinka. Kai, Auta, yaushe aka haife ka? Ni da nake gane yadin jabu da ɗan yatsa ido a rufe, ni za a yi wa wayo ta waya? Lambar sirrina tana inda ko aljani ba zai gano ta ba. Na buɗe shafi a littafin awo, na rubuta ta a matsayin awon wuya da kafaɗar wata Hajiya da ba a taɓa haifa ba. Duk ɓarawon da ya ɗauki littafin sai dai ya ɗinka mata riga.

To amma duk wannan mun riga mun yi shi da baki, tunda jiya Talata da hantsi ka kira. Wallahi na ji daɗin jin muryarka, ko da yake mura ta dishe ta har da farko ban gane ba. Da ka ce ko na gane mai magana, na ce Auta ne, ka ce shi ne, sai na ji kamar an sauke mini kaya. Ka ji abin da na ce maka: ruwan ɗumi da lemun tsami, ka kuma daina wanka da sassafe.

Maganar gyaran asusun da ka ce kamfani na yi wa tsofaffin layuka, na gane. Ranar haihuwata da cikakken sunana da ka tambaya, ina fata ka rubuta daidai. Ka kyauta da ka ce mu bari sai Juma'a, tunda na gaya maka gobe Alhamis mai sayen tsohon keke zai kawo kuɗi in zuba a ciki, sai a yi gyaran gaba ɗaya. Zan ajiye wayar kusa da ni ranar Juma'a da hantsi, da tabarau a hanci, in karanto maka duk abin da ya shigo. Na san ka ce ko kai kada in ba ka, amma ai wannan daban ne, tunda kai da kanka ka ce haka tsarin ya zo.

Na samo maka yadi mai ruwan toka, mai kauri, zan yanka maka riga ranar Juma'ar. Da na faɗa maka a waya, na gode kawai ka ce. Ko ka ce in tuna da ƙane, kamar yadda ka saba duk sanda na ambaci almakashi. Murar nan har wasan bakinka ta cinye.

Malam yana gaishe ka, ya ce layukanka ba zai yarda da su ba sai ya gani da idonsa.

Gwaggonka


Daga sansani
Ranar Asabar

Gwaggo,

Sallama, da fatan kuna lafiya ke da Baba Malam. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, a gurguje nake rubutu.

Ban kira ki ba. Ba ni ba ne. Tun ranar da na tura kuɗin nan ban sake taka gari ba, ban taɓa wayar kowa ba, kuma ko atishawa ban yi ba balle mura.

Takardarki yau ta iso, kwana goma bayan kin rubuta ta. Ruwa ya cinye gadar da ke ƙasan dutse, motar abinci ta yi kwana tara a tsallake, sai yau aka ɗauko kayan a ka. Ina cikin cin abincin rana na buɗe ta, ina dariyar Hajiyar da ba a haifa ba, sai na iso wurin da kika ce na kira. Na karanta layin sau uku. Sannan na ƙirga kwanaki, na ga Juma'ar da kike faɗa ta wuce da kwana takwas.

Na ari wayar mai walda na hau can ƙololuwar dutse, inda ake cewa wani lokaci sabis na leƙowa. Na yi awa biyu ina ɗaga ta sama kamar mai shanya, ko ɗigo bai shigo ba. Na roƙi shugaban aiki ya bar ni in sauka da ƙafa, ya ce ruwan ya kai ƙirji, ba zai sa hannu a kan gawata ba.

Gwaggo, dubi yadda mai kiran nan ya yi. Bai faɗi sunansa ba, ya bari ke kika faɗa masa. Murar kuma don kada ki gane murya ce. Da ya ji akwai kuɗin keke a hanya, sai ya ga gara ya jira ya kwashe duka. Babu wani gyaran asusu, wayarsa yake so ya ɗaura a kan asusunki, lambobi shidan nan ne kaɗai suka rage masa.

Laifina ne. Ni na rubuta da hannuna cewa ki ɗaga baƙuwar lamba. Na gina miki katanga a farkon takarda, na zo ƙarshe na buɗe masa ƙofa. Tun da rana mai walda yake zaune kusa da ni, shi ya san abin da nake ji.

Idan abin ya riga ya faru, ki saurare ni. Kada ki zauna kina cin zuciyarki, kada ki ɓoye wa kanki abinci kamar yadda kike yi idan ranki ya ɓaci. Ki je ofishin kamfanin da kanki, ba ta waya ba, ki sa su rufe asusun su rubuta lambar da ta kira ki. Ki je wurin likita ki roƙe shi ya riƙe mana gurbi. Zan nemi a ba ni albashin gaba, zan sa hannu a kan wata shekarar a nan. Baba Malam kuma ki ce masa an ɗaga ranar ne kawai. Jibi Litinin ce, na san ya riga ya sa an goge masa rigar da zai sa, wannan tunanin ne ya fi ci mini rai.

Akwai mai babur da ya kawo magani ɗakin shan maganinmu, ya ce zai bi ta hanyar daji ya ba motar haya takardar nan. Ko me ya faru ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Auta


Daga shago
Ranar Alhamis

Zuwa ga Autan Yaya, sarkin masu hawa dutse da wayar aro,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, lafiya irin wadda muka daɗe ba mu yi ba. Kafin komai, zauna. Idan akwai abinci kusa da kai ka ci, ka kuma miƙa wa mai walda. Ko ƙwandala ba ta fita daga asusun nan ba sai a hannun mai karɓar kuɗi na asibiti. An yi aikin ranar Litinin.

Takardarka jiya ta iso, ta sha ruwa ta sha ƙura. Na karanta na yi kuka, don na ga irin kwanakin da ka yi. Yanzu bari in ba ka labari daga farko, kuma ba zan rage wautata ba.

Ranar Juma'a na shirya tsaf zan ba mai kiran nan lambobin. Kada ka yi zaton na gane shi tun farko na yi ta wasa da shi, a'a. Kuɗin keke sun shiga, tabarau na hanci, waya na kan tebur. Malam na zaune a kujerarsa ta bakin ƙofa yana sauraren masu wucewa. Na shimfiɗa yadinka, na zana jiki da alli, na zana hannun dama. Na zo kan na hagu, na ja tef na rage inci ɗaya da rabi kamar yadda nake yi shekara ashirin, sai waya ta yi ƙara.

Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jikin Malam, har ya ce ya sha lemun tsamin ya ji dama. Ya ce yanzu saƙo zai shigo, in karanto masa lambobi shida, daga nan sai lambar sirri, shi ke nan an gama. Saƙo ya shigo. Na ɗaga wayar, na gyara tabarau, na buɗe baki. Almakashi na hannuna na dama, idona kuma ya sauka a kan layin allin nan na hannun hagu. Sai na tuna ranar Talata ba ka ce in tuna da ƙane ba. Kai da tun kana ɗan shekara goma ba a taɓa ambatar riga ba ka faɗa ba, ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai sai da ka faɗa.

Ban yi zargi ba tukuna, zuciyata ce dai ta ɗan tsaya. Na ce ya dakata, ga almakashi a hannuna, kada in ɓata yadi. Na ce:

"Hannayen rigar nan, in yanka su daidai da juna ko?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Daidai mana, Gwaggo, kamar kullum."

Auta, nan take na gane ba kai ba ne. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, kunya ce da baƙin ciki. Kwana uku ina murna na ji muryar ɗana, ashe ɓarawo na yi wa addu'a, har da haɗa masa maganin mura. Na dafa tebur na ja numfashi. Daga nan fushin ya iso, ya kuwa iso da kayansa.

Na ce to madalla, bari in karanto. Na kife wayar saƙon na kallon tebur, na jawo littafin awo. Na tsallake shafin Hajiyar da ba a haifa ba, na buɗe na matar mai gidan burodi. Ƙirji arba'in da huɗu, ƙugu talatin da takwas, ƙasa hamsin da biyu. Ka ga lambobi shida cif. Na karanta masa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai gudun kuskure. Na ji yana dannawa. Ya ce bai shiga ba, in sake dubawa. Na ce wayyo tsufa, tabaran ne ya yi hazo, ya sake turowa. Ya turo. Na ba shi awon amaryar da ke bayan layinmu, siririya ce, lambobinta ƙanana. Ya ce wannan ma ba shi ba ne. Na lura murar ta fara warkewa.

Na bar shi a kan layi na je na sha ruwa, na dawo na tambaye shi ko ana ba su nama a sansani, ko ya samu matar aure a can. Yana amsawa yana haɗiye zuciya, katinsa na ƙonewa. A karo na uku na ba shi awon wandon Malam. Nan fa ya fashe. Murya ta fito tangararau, babu mura babu ladabi, ya ce wace irin tsohuwa ce ni da ba zan iya karanta lamba shida ba. Na ce:

"Tela ce. Na auna ka tun ɗazu, ba ka kai ɗana ba."

Ya kashe. Malam, da ban san yana bin zancen ba, ya buga sandarsa a ƙasa ya yi ta dariya har da tari. Wai tunda ya ji lamba ta uku ya gane ƙugunsa ne.

Ban tsaya murna ba. Na rufe shago na ɗauki katin shaidata na tafi ofishin kamfanin da ƙafata, gwiwa na ƙara ina ƙara sauri. Ma'aikaciyar da na samu ta duba ta ce an yi ƙoƙarin ɗaura wata waya a kan asusuna sau uku, kuskure ukun nan sun sa na'ura ta toshe shi. Ta rubuta lambarsa, ta sa na canza lambar sirri, ita ma ta kau da kai sanda nake dannawa. Ta ce tunda ya riga ya san sunana da ranar haihuwata, wani zai iya sake kira ya karanto mini su don in yarda da shi, kada in yarda. Duk mai maganar asusu in kashe, in zo da kaina. Sabuwar lambar a kaina take. Hajiyar da ba a haifa ba na yage shafinta na sa a murhu, Allah ya ji ƙanta.

Ka ce laifinka ne. To ka rage, ka bar mini kasona, don na gano inda ya samo labarinmu. Ranar da takardarka ta farko ta iso na je shagon cire kuɗi in tabbatar kuɗin na nan, layi ya yi tsawo, bakina kuma ka san shi. Na gaya wa duk wanda ke wurin cewa ɗana bakanike ne a madatsar ruwa, ya turo kuɗin idon mijina, wayarsa ma ta faɗa cikin mai, sai ya ari ta wani zai kira. Da na iso gaba kuma na karanto lambar wayata da ƙarfi, sau biyu. Ni na auna kaina na miƙa masa, shi ɗinki kawai ya zo yi. Yanzu a takarda nake rubuta lambar in miƙa, in karɓi abata. Duk macen da ta zo awo kuwa, sai na sa ta ɗaga hannuwa sama, tef na zagaye da ita ba ta da wurin gudu, sannan in ba ta labarin nan tun daga farko.

Ranar Talata aka cire bandeji. Ina tsaye gabansa da sabon mayafi, ina jiran in ji abin da zai fara faɗa bayan shekara huɗu. Ya ƙura mini ido ya daɗe, sai ya ce ashe na yi furfura haka ba wanda ya gaya masa. Na ce ai shi ya sa mini ita. Daga nan ma'aikaciyar jinya ta ba mu wuri.

Saura magana ɗaya da ban taɓa yi maka ba. Ranar da ka faɗo daga katangar bayan shago kana ɗan shekara shida, ni na ɗora ka a kai don ka ga masu wasan ƙwallo, na ce minti ɗaya, na shiga amsa wata mai karɓar ɗinki. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyarka, Yaya ya damƙa mini kai amana. Da hannun ya warke ya ƙi bin ɗan'uwansa a tsawo, sai na koyi ɓoye shi a cikin ɗinki don kada yara su yi maka dariya. Kai ka mayar da abin wasa, ni kuwa ban taɓa rage inci ɗaya da rabin nan ba tare da na ji shi a ƙirjina ba. Ranar Juma'a ma na ji shi, shi ya sa idona ya tsaya a wurin.

Ga rigar nan a cikin ƙunshi. An gyara gada, direba ya ce gobe zai hau. Na bar wuri a ƙasa, wani yana ta miƙo hannu tun ɗazu, ko da yake likita ya ce kada ya wahalar da idon.

Gwaggonka

Auta, ni ne da hannuna. Na duba takardunka biyu. Ta farko layukan sun miƙe. Ta biyu sun hau sun gangaro, amma na yafe. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Malam.


Daga sansani
Ranar Lahadi

Zuwa ga Gwaggona da Baba Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina yi wa Baba Malam barka da arziki. Lafiyata ƙalau, na ci abinci kwano biyu kamar yadda aka umarce ni.

Ƙarshen takardar na fara gani, don ta nan ta buɗe. Da na ga rubutun Baba Malam, manyan baƙaƙen nan masu tsayuwa kamar sojoji, sai na zauna a kan tayar mota na rufe fuska da hula. Mai walda ya zaci mugun labari ne, ya zo ya dafa ni. Na miƙa masa ya karanta. Da ya kai wurin awon wandon, sai ga shi yana dariya, karon farko tun abin da ya same shi. Yanzu takardarki ta zaga sansanin nan kaf, ban da shafin ƙarshe da na cire na sa a aljihu. Kowa ya zauna yana rubuta wa gida cewa su tanadi tambaya guda wadda bare ba zai iya amsawa ba. Mai dafa mana abinci ya ce shi tasa tambayar ita ce wa ya fasa tulun kakarsu, don shekara talatin ke nan ana musu.

Rigar ta zauna daram. Na sa ta na tsaya gaban madubin babbar mota, hannu biyu sun sauka daidai wuyan hannu, babu wanda zai ce wani ya fi wani.

Gwaggo, game da shafin da ke aljihuna. Ni ban tuna faɗuwar ba. Abin da na tuna shi ne bayanki, da kika goya ni kina gudu ba takalmi, da kuma wata shida da kika yi kina ba ni abinci a baki alhali hannun dama lafiyarsa ƙalau. Ban taɓa bin ki komai ba balle in yafe. In ma akwai abin biya, to inci ɗaya da rabin nan ya biya ranar Juma'a, Baba Malam na gani da shi.

Za a ba mu hutu ƙarshen wata. Ba zan kira ba, zuwa zan yi, ki auna ni da kanki. Na ga wani yadi shuɗi a gari zan taho da shi, sai ki wasa almakashi.

Kuma don Allah, Gwaggo, ki tuna da ƙane.

Naki,
Autan Yaya